Kafin A Yi Mata Fomat

Akwai wata kalma da ta shigo bakin Hausawa ta ƙofar shagunan gyaran na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta kuma zauna daram kamar da ita aka haife mu, wato fomat. Duk wanda ya taɓa saɓa kwamfuta ya kai ta wurin mai gyara ya san ta. In na'ura ta yi nauyin tashi, a yi mata fomat. In ta riƙa sandarewa ana tsakiyar rubutu, a yi mata fomat. In wasu hotuna marasa kan gado suka dinga faɗowa a allo ba tare da an gayyace su ba, maganin dai shi ne. Ta zama tamkar garin maganin nan na 'yan tasha, wanda ake cewa yana warkar da basir da shawara da ciwon baya da mugun mafarki. Abin da ba a cika tsayawa a bayyana wa mai kaya ba shi ne ma'anar kalmar, wato a share faifan ajiya kakaf, a sake ɗora babbar manhaja sabuwa fil, duk abin da ke ciki kuwa, mai amfani da marar amfani, a yi sallama da shi. Misalinsa shi ne mutumin da ya ga ɗakinsa ya yi datti, maimakon ya nemi tsintsiya sai ya kira magina su rushe ɗakin da kayan da ke ciki.

Babbar manhajar nan, ko Windows ce ko Linux ko waninsu, matsayinta a cikin na'ura kamar na uwargida ne a babban gida. Ita ta san inda aka ajiye kowane abu, ita ke raba wa ƙananan manhajoji lokaci da wurin aiki, ita ke isar da saƙo tsakanin mai bugawa da allo da faifai. Sai dai ta bambanta da uwargida ta fuska guda: ba ta tsufa. Manhaja jerin umarni ce, ba taya ba ce balle ta suɗe. Umarnin da ya tayar da na'ura cikin minti guda ranar da aka sayo ta, shi ne dai a ciki bayan shekara 7. Saboda haka in minti guda ya koma minti 15, to wani abu ne ya ƙaru ko ya lalace, kuma wannan abu yana da suna, ana iya nemo shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Na'urar gidanmu ta tebur ce, ta hannu, irin wadda a nan Kudu ake kira tokumbo. Yayanmu ne ya sayo ta a Ikeja a 2012, da Windows 7 a kanta, da faifai mai cin gigabait 250, da ƙwaƙwalwar aiki mai gigabait 2. Mu takwas muke amfani da ita. Zuwa damina ta 2019 ta kai matsayin da in an kunna ta sai a tafi a yi alwala, a yi salla, a dawo a tarar ba ta gama miƙa ba. Agogonta kullum yana komawa wata shekara da ta daɗe da wucewa. Shafukan intanet da yawa sun ƙi buɗuwa. Duk filash ɗin da aka soka mata kuwa sai jakunkunan cikinsa su rikiɗe su koma wasu alamomi masu 'yar kibiya a gindi. Mai gyaran unguwa ya zo, ya dube ta bai fi minti 3 ba, ya ce wa Yaya, "Alhaji, wannan sai fomat. Ku kawo ta shago, gobe da la'asar ku karɓa."

Baba yana daga kujerarsa yana ji. Ya ce, "Yaro, shi wannan fomat ɗin, littafina fa?"

Littafin da yake nufi shi ne tarihin gidanmu, tun daga kakansa da ya biyo ayarin fataken goro ya sauka a Kurmi, har zuwa kanmu. Ya fara buga shi tun ƙarshen shekarun 1990 a wata tsohuwar na'ura ta wurin aikinsa, ya yi ta ɗauko shi daga faifai zuwa faifai har ya iso wannan. Ya haura shafi 300, kuma yawancin dattawan da ya yi hira da su sun riga mu gidan gaskiya. A lokacin idanunsa sun fara rauni, ba mai sake zaman buga shafi 300 ba ne. Ban da wannan, akwai kundin digirin yayarmu da ya kai babi na huɗu, da hotunan bukukuwa da sunaye na shekara da shekaru. Mai gyara ya ce zai kwashe "abubuwa masu muhimmanci" kafin ya share. Muka yi masa godiya, muka ba shi kuɗin mota, muka ce za mu yi shawara. Dalilinmu shi ne, shi bai san mai muhimmanci a gidanmu ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Abin da muka fara yi bai shafi gyara ba ko kaɗan. Mun aro wani faifai na waje, muka sa Ubuntu a kan filash, muka tayar da na'urar daga filash ɗin maimakon daga faifanta. Ubuntu reshe ce ta Linux, kyauta ake samun ta tun fitowarta a 2004, kuma tana iya aiki daga filash ba tare da ta taɓa abin da ke cikin faifai ba. Hikimar yin haka iri biyu ce. Ta farko, ƙwayar cutar da aka rubuta don Windows ba ta iya motsi a cikin Linux, kamar kifi ne a tudu, don haka ana iya kwasar kaya tana kwance tana kallo. Ta biyu, ba mu san lafiyar faifan ba tukuna. Faifai irin na da ƙarfe ne mai juyawa, sau 7,200 a minti ɗaya a yawancin na'urorin tebur, da wata 'yar allura tana shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba. In ya fara ciwo, duk wani bincike mai nauyi da za a yi masa na iya zama ajalinsa. Don haka kwafi ke gaba da komai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kwashewar ta ci mana kwana biyu, domin kayan gida ba a wuri ɗaya suke ba. Wani ya ajiye nasa a kan fuskar allo, wata ta bar nata a jakar da abubuwan da aka sauko da su daga intanet ke faɗawa, Auta kuwa ya ɓoye wasanninsa a wata jaka da ya raɗa wa suna "Lissafi". A nan ne kuma muka gamu da abin da ya tabbatar mana cewa shawararmu ta yi daidai. Da muka buɗe littafin Baba a cikin Ubuntu don mu tabbatar kwafin ya yi, sai muka ga abin mamaki. Inda ya rubuta ƙasa, allo ya nuna }asa. Ɗan'uwa ya koma [an'uwa, haɗin kai ya zama ha]in kai, ɓarawo ya zama ~arawo. Shafi bayan shafi, kamar kaji sun bi ta kan rubutun.

Waɗanda suka yi rubutun Hausa da na'ura a shekarun 1990 sun san wannan. A wancan zamani manhajojin rubutu ba su san da haruffanmu masu lanƙwasa ba. Marubuci ko dai ya bar k da d da b haka nan mai karatu ya yi ta canka, ko ya bi takarda da biro bayan an buga yana yi musu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Cikin waɗanda suka share wa Hausa wannan hawaye akwai Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya ƙera salon haruffa masu ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, irin su Rabi'at. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ari gurbin wasu alamomin da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana harafin Hausa a wurin. Wato a can cikin fayil alamar baka ce a rubuce, salon harafin ne ke yi mata riga ta fito a matsayin ƙ. Muddin salon yana cikin na'ura, komai lafiya. Ranar da ya ɓace, rigar ta faɗi. Shi kuwa wannan salo ɗan ƙaramin fayil ne da ke zaune a cikin jakar Windows kanta, wurin da babu mai gyaran da zai leƙa in yana kwashe "abubuwa masu muhimmanci". Da an yi fomat, da littafin ya dawo, amma Baba ya buɗe ya ga an yi masa yayyafin baka da ƙugiya, ya ɗauka aikinsa na shekara 20 ya lalace. Mun kwafi ɗan fayil ɗin har wuri uku.

Da hankali ya kwanta sai muka koma kan ciwon. Ka'idar da muka bi ita ce a raba ciwon jiki da ciwon tunani, domin alamominsu kan yi kama. Muka cire wuta, muka kwance murfin akwatin. Abin da muka gani a kan fankar da ke sanyaya ƙwaƙwalwar ya isa a shuka gero: ƙurar hunturu bakwai, danshin damina ya dama ta ta zama kamar bargo. Ƙwaƙwalwar na'ura in ta yi zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, in zafin ya wuce kima ta kashe kanta ɗungurungum. Fomat dubu ba zai cire wannan bargo ba. Burushi mai laushi da abin hura iska ne suka cire shi. Batun agogo kuwa, wani ɗan batiri ne mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, mai ƙarfin bolt 3, wanda ke riƙe wa na'ura kwanan wata in an kashe ta. Ya mutu. Muka sayo sabo a wurin mai gyaran agogo, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Abin sha'awa, da agogo ya daidaita sai shafukan intanet suka buɗe. Ashe kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, na'urar da ke zaton tana wata shekara ta baya kuwa sai ta ga kamar takardar ba ta fara aiki ba, ta ƙi amincewa da ita. Ciwo biyu, magani ɗaya.

Faifan ma mun tambaye shi lafiyarsa, domin faifai yana riƙe da rahoton kansa, wanda ake kira SMART, yana ƙirga sa'o'in da ya yi aiki da gurabun da suka lalace. Rahoton ya fito da kyau. Sai muka sa umarnin chkdsk ya bi teburin da ke nuna inda kowane fayil yake, ya ɗinke ɓarakar da yawan ɗaukewar wuta ta bari, domin in wuta ta tafi ana tsakiyar rubutu a faifai, akan bar magana rabi a faɗe. Bayansa muka bi da sfc /scannow, wanda ke duba fayilolin Windows kanta ya maye gurbin waɗanda suka gurɓata.

Nauyin tashi kuwa, asirinsa ya tonu ne da muka buɗe jerin manhajojin da ke farkawa tare da na'ura. A Windows 7 ana ganin jerin ta hanyar msconfig; daga Windows 8 zuwa sama an mayar da shi cikin allon da ke buɗewa in an danna Ctrl da Shift da Esc tare. Mun ƙirga 31. Akwai manhajar modem na kamfanonin waya har guda huɗu, alhali modem ɗin kansu sun daɗe da ɓacewa. Akwai ta wata na'urar buga takarda da ba mu taɓa mallaka ba, wadda ta biyo na'urar tun daga ƙasar da ta fito. Akwai masu cewa su masu hanzarta na'ura ne, har biyu, suna cin abincin da suka ce sun zo tanadi. Sannan ga manhajar kashe ƙwayar cuta har iri uku, kowacce wani ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya ne ya ɗora ta a wata ziyara, dukkansu kuma wa'adinsu ya ƙare. Irin waɗannan manhajoji ba su iya zaman kishi ba. Kowacce tana son ita ce za ta fara duba duk fayil ɗin da aka taɓa, kowacce tana zargin 'yar'uwarta, mai gida kuwa yana zaune yana jiran tuwo.

A nan ya kamata a fahimci abin da gigabait 2 ke nufi. Ƙwaƙwalwar aiki kamar faranti ce, faifai kuwa rumbu. Abin da ake ci yanzu shi ke kan faranti. In faranti ya cika, sai uwargida ta riƙa mayar da wani abu rumbu tana ɗauko wani, rumbun kuwa yana can bayan gida. Wannan kai-da-kawowa shi ne ƙarar nan ta ƙurr-ƙurr da ake ji, da 'yar fitilar da ke ci ba ƙyaftawa. Baƙi 31 a kan faranti ɗaya, ina masu gida za su sa hannu? Muka sallami 25, muka cire masu kashe ƙwayar cutar nan duka uku, muka ɗora guda ɗaya mai rai.

Saura ƙwayar cutar kanta. Wannan dabba ta girmi yawancin ɗaliban da za su karanta wannan rubutu. Wadda ake ɗauka ta farko a na'urori irin namu ita ce Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, har suka sa adireshinsu da lambar wayarsu a cikinta. Ta bi faifan fulofi ne ta zaga duniya, hannu zuwa hannu. Tamu ma hanyar kakarta ta biyo, sai dai filash ya maye gurbin fulofi. Gidan da ba shi da na'urar buga takarda dole ya je shagon bugawa, na'urar shago kuwa rijiyar gari ce, guga ɗari ke shiga cikinta a yini. Dabarar wannan ƙwaya mai sauƙi ce. Ba ta cin fayil. Takan ɓoye jakar gaskiya, ta ajiye wata alama mai suna iri ɗaya a gurbinta. In ka danna alamar, sai ta tayar da ƙwayar tukuna, sannan ta buɗe maka jakarka don kada ka yi zargi. Mun sha ganin ɗalibai suna kuka a bakin shagon bugawa, an ce musu bairos ya cinye kundinsu, har wani ya ba su shawarar su yi wa filash ɗin fomat, alhali kundin yana nan lafiya lau a bayan labule. Layi ɗaya na umarnin attrib, wanda ke cire wa fayil alamar ɓuya, ya isa ya fito da shi. Mun tayar da na'urar ta hanyar da masu gyara ke kira sef-mod, inda Windows ke farkawa da 'yan hadimanta na dole kawai, muka kamo ƙwayar a inda ta laɓe cikin jerin masu farkawa, muka bi duk filash ɗin gidan ɗaya bayan ɗaya, har da na cikin jakar Umma.

Muka kuma tarar an kashe sabunta manhaja tun ran da aka sayo na'urar, wai don tsimin data. Tsimin yana da dalili, amma yana da farashi. A watan Mayu na 2017 wata ƙwaya mai suna WannaCry ta kulle fayilolin na'urori a ƙasashe fiye da 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Facin da ke toshe ƙofar da ta bi kuwa an fitar da shi tun watan Maris na shekarar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun kwana biyu muna sauko da faci.

Shara ta zahiri ita ce mafi sauƙi a hannu, mafi wuya a zuciya. Tarkacen wucin gadi da kwandon shara da ragowar tsofaffin faci, manhajar shara ta cikin Windows ta kwashe su cikin rabin sa'a. Amma da aka zo kan finafinai da wa'azuzzuka da hotunan biki guda da aka kwafa sau biyar, sai da aka yi zaman gida. Kowa na ganin kayan wani ne tarkace. A ƙarshe aka yanka wa kowa gonarsa, wato kowa da ƙofar shigarsa da kalmar sirrinsa, aka kuma bar ikon ɗora sabuwar manhaja a hannun mutum ɗaya. Auta ya yi kwana uku ba ya gaishe mu. Abu ɗaya da muka ƙi taɓawa shi ne rajistar Windows, wato kundin da take rubuta saitunanta. Manhajoji da yawa na tallar cewa za su wanke ta na'ura ta yi gudu. A ganinmu ribar ba ta taka kara ta karya ba, hasarar kuwa na iya zama na'urar da ba za ta sake tashi ba. Garin gyaran gira a rasa ido. Mun dai tattara gutsattsarin fayiloli wuri guda, aikin da ke amfanar faifai mai juyawa, amma ba a yi wa sabon faifai na SSD, wanda ba shi da allurar da za ta yi yawo.

Bayan mako guda na'urar ta koma tashi cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Kada a ce mun yi wa mai gyara rashin adalci. Shi sa'a biyu yake da ita ga kowace na'ura, ga layi na jiransa, ga kuɗin shago da na man janareta. Ba wanda zai biya shi ladan mako guda. Kuma fomat yana da ranarsa: in ƙwaya ta yi saiwa har ba a amince da abin da ya rage ba, ko za a sayar da na'ura ga baƙo, ko za a canza babbar manhajar gaba ɗaya. Mu ma ranar ta zo mana. A ranar 14 ga Janairu, 2020 aka daina yi wa Windows 7 faci, kamar yadda aka daina yi wa XP a 2014, aka kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Na'urar da ba a yi wa faci bai kamata ta riƙa fita intanet ba. Saboda haka a 2020 mu da kanmu muka share faifan muka ɗora Linux, amma a ranar da muka zaɓa, kayanmu suna gefe a ƙirge.

Kafin wannan rana sai da muka raba littafin Baba da dogaro da riga. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, har da ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, ta yadda harafin zai fito daidai a kowace na'ura ko waya. Aikin a ido mai sauƙi ne: a ce wa manhajar rubutu ta nemo kowace alamar aro ta musanya ta da harafin gaskiya, sau shida, ƙanana uku da manya uku. Sai dai Baba ya kwafo wasu takardun zamanin Turawa da Ingilishi a cikin littafin, da wani salon harafi dabam, kuma a cikinsu akwai bakan gaskiya da ba a so a taɓa. Dole muka umarci manhajar ta musanya waɗanda ke sanye da salon Hausar kaɗai. Daga nan muka raba babi-babi, kowa ya ɗauki nasa, muna karanta masa da dare bayan isha'i, yana tsayar da mu in ya ji abin da bai yi masa ba. A babi na tara ya gyara sunan wani zango da ayarin kakansa ya yada, ya ce tun 1998 yake nufin gyara shi.